Ba Hannun Bitrus Ne Ya Naɗe Ta Ba

Zuwa ga Saje, maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. To da kana da rai ma, yaushe ka taɓa karanta rubutuna ba ka tuntsire da dariya ba? Kai ne kake cewa a ajin yaƙi da jahilci biro kawai aka koya mini riƙewa. Yau dai babu mai gyara mini, sai ka yi haƙuri.

Labarin gida: matar Sani ta sauka lafiya, namiji, gobe suna, kuma sunanka za a sa masa. Na yi sabon miji ke nan, kada ka ce ban gaya maka ba. Ya ɗebo kunnuwanka da tsawarka, amma ya fi ka kyau nesa ba kusa ba.

Sai dai ba don shi na ɗauki biro ba. Maganar laimarku ce.

Ka tuna ranar da ka shigo da ita gidan nan na Takur, tsohuwar laimar dirowa daga jirgi da aka ce ta gama aiki? Na ce me za mu yi da wannan uban tsumma, ka ce ita ce wayar tarhonku. Lokacin ana ta kamen sojoji da zargin juyin mulki, ku da kuka yi yaƙin Laberiya tare ba ku da halin taruwa ku sha shayi, sai a ce wani abu kuke ƙullawa. Shi ne kuka mai da ita ɗan aike. Mai biki ko suna ya aika a kawo masa, ya kafa ta rumfa, direban da ya ɗauko ta ya zo da labarin kowa a bakinsa. Kai ka kafa dokar: abin farin ciki ake aikawa a nema, amma in rasuwa ce ba a jiran aike, wanda take hannunsa shi zai ɗauko ta ya kai da ƙafarsa.

Haka Kofur Bitrus ya yi mini da ka rasu. Daga Kaduna ya taso da ita a kafaɗa, shi ya hau darbejiyar ƙofar gida ya ɗaura igiyoyin. Ya zauna a gefen tabarma cikin malamai har aka share makoki. In an ɗaga hannu za a yi Fatiha sai ya rasa inda zai sa nasa, daga baya shi ma ya riƙa ɗagawa.

Watan jiya aka aika masa ita, bikin 'yarsa Talatu. Ƙafata ce ta hana ni zuwa. Ba a jima da bikin ba Kaduna ta kama da wuta a kan maganar shari'a. Saje, da kunnena na ji an ambaci unguwarsu a rediyo. Mutane suna ta sauka a tashar Dutse, wani da ƙunshi ɗaya, wani ko takalmi babu. Na bi su ina tambaya, babu wanda ya san Bitrus, babu wanda ya ga matarsa, Maman Talatu. Na roƙi Ɗanlami direba, ɗan abokinku Malam Haruna na Ringim, ya je ya duba mini. Daga hanya aka juyo da shi.

Sani ya ce in cire rai, zai yi hayar rumfa irin ta zamani. Ya ce dama mutane sun fara magana, wai me gidan Musulmi zai yi da ƙyallen da aka kafa a ƙofar coci. Na ce masa a ƙarƙashin ƙyallen nan aka ɗaura aurensa, in ya ƙazantu to ya je ya sake ɗaurawa. Bai yi dariya ba. Babu mai dariya yanzu a garin nan.

Jiya da hantsi sai ga Ɗanlami da ita a ka. Wani direba ne ya ba shi a Kano, shi ma wani ya ba shi daga Kaduna. Saƙon ya bi bakuna har ya ƙare, abin da ya rage kawai a kai Takur gidan Saje kafin suna. Guɗa ta taso mini har maƙogwaro. Sai idona ya sauka a kan ɗaurin.

Ka san yadda kuke naɗe ta. Ku shimfiɗa ta ta cinye tsakar gida, ku bi ta tsagi-tsagi kuna shafewa da tafin hannu, igiyoyin ku kitsa su kamar kan amarya. Ni kuwa ina bakin murhu ina muku tsiya, mutumin da bai iya ninke babbar rigarsa ba. Ka ce wanda ya naɗe laima da wasa ya kashe mai dirowa, ko da kuwa ba mai sake dirowa da ita. Ka tuna ranar da na tattare ta na ƙulle kamar kayan wanki don kawai in ga abin da za ku yi? Bitrus ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce da a bariki ne sai na yi tsallen kwaɗo. Ni da Maman Talatu muka yi dariya har da hawaye.

To irin wannan ɗaurin ne ya zo mini jiya. An cusa ta cikin zane an ƙulle kusurwoyi. Igiyoyin sun sarƙe. Tana warin hayaƙi, gefe guda ya ƙone ya ƙanƙance. Zanen na san shi, ankon bikin Sani ne, na Maman Talatu ne. Ke nan tana da rai, aƙalla ranar da ta ƙulla. Amma Bitrus fa? Mutumin da na ga ya naɗe ta yana rawar zazzaɓi? Ko hannu ya ji wa ciwo? Ko a gudun suka rabu? Ko suna bariki inda aka ce jama'a sun fake, babu filin shimfiɗa ta? Tun jiya nake ba kaina waɗannan dalilai, babu wanda ya zauna mini.

In ya riga ya taho wurinka, kai ka fi ni sani yanzu. Ban san yadda ake raba masauki a can ba, wannan na Allah ne. Amma na san ku, in da hanya sai kun nemi juna.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. A ciwonka na ƙarshe, da zazzaɓi ya yi zafi, ka yi ta ba da labarin yadda ka diro cikin fadama ƙafarka ta karye, Bitrus ya goya ka ana harbi. Kana faɗa kana kuka. Na yi kamar ina gyara filo ban ji ba, don na san ba ka so a ga hawayenka. Na ji, Saje. Duk na ji. Shekarun da ka ƙara a gidan nan, har ka ga auren Sani, a bayan mutumin nan suka zo.

Ga abin da na yanke. Gobe za a kafa ta, tunda daga cikin wuta matar nan ta fito da ita don kada jikanka ya rasa inuwa. Ana raɗa suna aka yanka rago, zan sa a sauke. Malam Haruna jiki ya shanye, sauran naku sun yi nisa. A hannuna take, kuma dokarka ce. In rasuwa ce, na kai da ƙafata. In ba ita ba ce, na je ganin amarya.

Sani ya ce hanya ba ta kwanta ba, ya ce mace da hijabi ba ta da abin yi a unguwar nan yanzu. Ya rantse sai ya ɓoye mini takalma. Maganar hanya ba ƙarya yake ba, kuma ina jin tsoro. Amma ya manta wa ya haife shi. Na riga na kai takalman maƙwabta, Ɗanlami kuma ya yarda zai kai ni iyakar inda mota take shiga.

Ka tafi ba ka koya mini naɗin ba. Don haka irin nawa zan yi, in cusa in ƙulle. Zan tsaya da ita a ka a ƙofar duk inda aka ce suna nan, inda kowa zai gan ta. In Bitrus yana da rai, ba zai iya daurewa ba, sai ya fito ya zazzaga mini masifa a kan ɗaurin. Wallahi tun da nake ban taɓa ƙosawa a yi mini faɗa kamar yanzu ba.

Ka huta lafiya. Allah Ya jiƙan ka, Ya sa in ji muryar abokinka.

Taka mai tsiyar nan,
Uwar Sani, Takur