Kwana Uku Kacal

Litinin, 3 ga Maris
Yaya ta yarda. An ɗebi ɗan fatar hannun 'yarta Auta, bai kai ƙwayar gero ba. Farfesa, shugabar ɗakin bincikenmu, ta ce daga shi za mu raini ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a faranti, mu ga abin da ya faru tun tana ciki, me ya sa kanta bai girma kamar na sauran yara ba. Ni aka ba wa renon. Shekara shida ina aikin nan, yau sai da na duba sunan da ke kan farantin sau biyu.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Sun dunƙule! Ɗan ƙwallo fari, yana yawo a ruwan faranti. Na leƙa madubin ƙara girma na ga sun jeru a zagaye, babu wanda ya ce musu ga wurin tsayawa. Ikon Allah. Shayina har ya huce.

Asabar, 26 ga Afrilu
Yaya a waya: "Faɗa mini gaskiya, ko maganin zazzaɓin da na sha ina da cikinta ne?" Shekara huɗu tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

Laraba, 21 ga Mayu
An gano. Rubutun gado iri ɗaya ne a kowace ƙwayar jiki, sai dai kowane sashe da lokacin kunna shi da na kashe shi. Akwai wanda ke cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ci gaba da rabuwa. A farantin Auta ya mutu kwana uku kafin na sauran yaran da muke kwatantawa da su. Kwana uku kacal.
Farfesa ta cire tabarau ta ce, "Ni ba wannan ke ba ni mamaki ba. Sassan nan dubbai ne, kuma a yawancinmu kowanne ya faɗa a kan lokacinsa."
Na shiga mota ina kallon kawunan mutane kamar sabuwar zuwa duniya.

Alhamis, 22 ga Mayu
Na gaya wa Yaya ba maganin ba ne, ba ita ba ce. Ta ce, "Sake faɗa." Sau uku na faɗa.

Lahadi, 25 ga Mayu
Na je gidan Yaya. Ban taɓa rubutawa ba, amma tun haihuwar Auta nake kauce wa ɗaukarta. Tsoro ne, ina ji. Yau na yi mata kitso, tana ta dukan gwiwata tana dariya. Kitson bai yi kyau ba. Na ce zan dawo Asabar in gyara.