Hular Kunnen Jaki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara, da ciwon bayan nan naki da ba ya tashi sai ranar wanki.

Na ji kin ɗauki ma'aikata a shagon ɗinkinki, kina neman shawara. To ga ta kyauta daga bakin gwani. A sabon kamfaninmu na kai saƙo da babur, Oga ya kafa zaman ƙarshen mako, kowa ya faɗi kuskurensa a gyara. Ni kuma na ƙara gishiri. Na liƙa wa tsohuwar hular kwano kunnuwan jaki na kwali, wanda kuskurensa ya fi girma shi zai yini da ita. Dogo, wanda ya koya mini tuƙi, ya fi kowa shan ta. Dariya har da hawaye. Yanzu kuskure ya ƙare ƙaf, ba mai kawo ko ɗaya. Oga har yaba mini ya yi. Ki gwada.

Ƙaninki,
Shaƙiyyi

Yaya,

Sallama da fatan kuna lafiya. Kada ki gwada.

Dogo yana asibiti. Birkinsa ya ƙi ci a gangara, ya shige ƙarƙashin motar yashi. Matarsa ta ce ya daɗe da sanin birkin ya lalace, da waya ya ɗaure shi. Wai gara ya lallaɓa da ya sake saka hular a gaban yaran da ya girme wa. Likitoci suna ƙoƙarin ceto ƙafarsa. Ki sa shi a addu'a.

Ƙaninki

Yayata,

Ina gaisuwa, ya jikin naki? An yanke ƙafar Dogo daga gwiwa.

A zaman wannan makon ma ba wanda ya kawo kuskure. Na ɗauki hular na kifa a kaina, na ce tayata ta gaba ta suɗe tun tuni. Ba wanda ya yi dariya. Sai hannuwa suka fara tashi: mai matsalar sarƙa, mai ta fitila, mai ta birki. Rabin baburanmu suna wurin makanike yanzu. Ashe kuskuren bai ƙare ba, ɓuya ya yi.

Yaya, in yarinya ta ɓata yadi ta zo ta faɗa miki da bakinta, ki fara da yi mata godiya.

Jiya na je duba Dogo. Ya yi murmushi, ya tambaye ni wa ya ci hula a wannan makon. Na ce masa ni ne.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Shaƙiyyi