Ƙofar da ke Saman Murhu

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ga kafinta nan na turo da samfur uku na sababbin ƙofofin kabad ɗin kicin. Duk marasa sheƙi ne, su ake yayi yanzu. Ɗaya katako ne zalla, ɗaya falanki mai rufin fomika, ɗaya kuma fenti ruwan toka. Ki shafa ki ji, Mama, sumul! Ba sa riƙe shatin yatsa, ba sa kashe ido in rana ta shigo. Kin huta da yawo da tsumma. Waɗancan masu ƙyallin sun girme ni, don Allah a sallame su.

Na gaishe ki,
Auta

Auta,

Muna lafiya, jikin Babanku da sauƙi. Allah Ya yi miki albarka.

Na shafa, na ƙwanƙwasa, har na shinshina. Katako zalla zai sha tururi ya kumbura. Ruwan tokan nan kuwa sak bangon asibiti, mu kuma asibiti ya ishe mu. Mai fomikar ta yi, na ɗiga mata mai na goge, ta fita tas. A sa ta ko'ina, amma ƙofar da ke saman murhu a bar mini abata.

Sai na ji daga gare ki,
Mamanki

Mama,

Barka da gida. Haba Mama! Ƙofa ɗaya tana walƙiya cikin 'yan'uwanta kamar haƙorin gwal? Ga ta a karkace, gefenta duk ya ɗaye. Kafinta ya ce ran Asabar zai kwance su gaba ɗaya, ni kuma na amsa masa. In dai babu wani dalili, ki bari a yi aikin nan ya yi kyau.

A gaida Baba,
Auta

Auta,

Ina gaishe ki. Kada ki kira ni a waya kan maganar nan, kunnen Babanku ras yake.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya yarda ya ci abinci ana kallonsa. Hannun rawa yake yi, rabin cokali a riga yake ƙarewa. Ranar da na tsaya a kansa, ture kwanon ya yi, ya wuni bai sa komai a baki ba. Kin san shi da zuciya. Likita kuma ya ce kada a bar shi shi kaɗai, yana iya ƙwarewa.

To, sai in zaunar da shi a teburin kicin, in juya masa baya, in yi ta juya tukunyar da ta riga ta nuna. A jikin ƙofar nan nake ganinsa, shi da kwanonsa, kamar a madubi. Ya ci cikin mutuncinsa, ni ma hankalina a kwance. Gogewar da kike yi mini tsiya a kai, dalilinta ke nan. Marar sheƙi tana da kyau, 'yar nan, amma ba ta nuna komai. Ina jin tsoro, gaskiya.

Ki huta lafiya,
Mamanki

Auta,

Sannu. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Na ga takardarki ta maganar Asabar a kan tebur, na roƙi kafinta ya kawo miki wannan.

A bar ƙofar nan, a ɗaure ta da kyau kawai. Mamanku tana zaton ita kaɗai ke leƙe a cikinta. Ni ma ta nan nake ganin fuskarta. In ta yi murmushi, sai in ƙara cokali ɗaya.

Kada ki gaya mata.

Babanki