Takardar da Ba Mu Kai wa Baba A-Maido Ba

Cikin alhini da nauyin zuciya, tare da wata kunya da ba za mu ɓoye ba, Mai Girma Shugaba, Kwamitin Amintattu, Kwamitin Alƙalan Gasa da ɗaukacin membobin Zauren Nazarin Fim na Ranar Asabar suka samu labarin rasuwar ubanmu kuma malaminmu, ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka kafa wannan zaure, gogaggen mai tace fim, tsohon Shugaban Alƙalan Gasarmu ta shekara-shekara, wanda babba da yaro suka fi sani da Baba A-Maido. Allah Ya karɓi abinsa da hantsin ranar Talata, a gidansa, a kan kujerar da ya saba zama, bayan gajeriyar rashin lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin zaure baki ɗaya, muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa, uwa a gare mu, wadda dukkanmu muke kira Inna, da 'ya'yansa biyar, da jikokinsa, da ƙannensa, da dukkan daraktoci, masu ɗaukar hoto, masu naɗar sauti da masu tace fim da suka bi ta hannunsa, har da waɗanda suka fita daga gabansa suna ƙunƙuni, daga baya suka dawo suna godiya.

Marigayi ya fara aiki ne a ɗakin majigi na wani gidan silima, ɗan ƙuntataccen ɗakin nan da ke sama bayan 'yan kallo, inda ya yi shekara tara yana leƙen allo ta taga mai faɗin tafin hannu. Ya sha gaya mana cewa a can ya yi karatunsa, domin fim guda yakan wuce ta gabansa sau arba'in, har ya daina kallon allon ya koma kallon ƙeyar mutane: a ina suke gyara zama, a ina suke tari, a ina kuma kowa yake manta da gyaɗar da ke hannunsa. Daga nan ya koma tace fim, ya yi shekara talatin da ɗaya yana yanka da haɗawa, sunansa yana fitowa a ƙarshen fim lokacin da kowa ya riga ya miƙe yana neman takalminsa. Laƙabin nasa kuwa a zaurenmu ya samo shi. Ba a yin minti goma ana kallo sai ya ɗaga hannu ya ce, "A maido mana baya." Fim ɗin awa biyu yakan cinye mana wuni, shayi ya huce, masu ƙananan yara su yi ta duba agogo, shi kuwa ko a jikinsa.

Duk wanda ya taɓa zama tare da mu ya san ƙa'idarsa ta kallo uku. Da farko a kashe murya, a bar hoto shi kaɗai ya ba da labari. In ba a gane wa ke tsoron wa a ɗakin ba, to kyamara ba ta yi aikinta ba. Na biyu a kunna murya, a rufe allon da wani tsohon bargo ruwan ƙasa da ya kawo daga gida, a saurara kawai. Sai a karo na uku a kalli fim yadda aka yi shi. Daga wajensa muka koyi cewa idan mutum biyu suna magana, sau da yawa labarin yana kan fuskar mai sauraro ne, don haka can ya kamata a yanka a koma. Daga wajensa muka koyi cewa kiɗan da ake zubawa a kan kuka galibi alama ce ta darakta bai yarda da 'yar wasansa ba. Akwai wata fitowa da ya maimaita mana har muka haddace, inda aka gaya wa wata mata mummunan labari tana cikin naɗe wanki, kyamara ba ta je fuskarta ba, ta tsaya a kan hannuwanta da suka ci gaba da naɗe rigar da aka riga aka naɗe. "Kun gani?" in ji shi. "Darakta bai roƙe ku hawaye ba. Ku da kanku kuka kawo." Yana da faɗa, ba za mu yi masa ƙarya don ya rasu ba. Ya taɓa gaya wa wani babban furodusa, a gaban yaransa, cewa fim ɗinsa yana da kyau daga minti na ashirin zuwa na ashirin da uku.

Al'adar irin wannan sanarwa ita ce a tsaya a nan, a yi addu'a, a sa hannu. Ni Sakataren Watsa Labaran zaure, sau huɗu na rubuta ta haka, sau huɗu na yage. Tun ranar Talata ban iya zama wuri ɗaya ba, in shiga ofis in fito, in buɗe jaka in rufe, domin akwai abin da zaure ya yi wa wannan bawan Allah, kuma da hannuna aka yi shi. Kwamitin Amintattu ya ba ni izini in faɗa, kuma da bai ba ni ba ma da na faɗa.

Shekara shida da suka wuce idon Baba ya fara ja da baya, cikin shekara biyu ya tafi gaba ɗaya. Bai fasa zuwa zaure ba. Inna ce take riƙo hannunsa har kujerarsa ta layi na uku, ta zauna a damansa, ta riƙa raɗa masa abin da ke kan allo. Da farko sun sha rigima a gabanmu. Sai ta ce masa, "Matar tana baƙin ciki." Sai ya ce, "Ba wannan na tambaye ki ba. Ina hannunta yake? Ta ina haske yake shigowa? Mu muna tsaye ne ko muna matsawa kusa da ita?" Ita kuma ta ce, "To ka bari in numfasa mana, Malam, ai ba gudu fim ɗin yake yi ba." Ya ce, "Gudu yake yi." A hankali ta goge, har ya zama abin da take raɗawa ya fi abin da mu masu ido biyu muke rubutawa a takardunmu. Mun ji da kunnenmu, amma ba mu lissafa shi a bakin komai ba.

A shekarar da idon ya tafi, wasu masu fim suka kawo ƙorafi cewa bai dace wanda ba ya gani ya shugabanci alƙalan gasa ba. Kwamiti ya zauna, ya ji tsoron surutu, ya yanke shawarar sauke shi. Ni aka ba rubuta takardar. Na cika sakin layi biyu da yabo, a na uku na rubuta cewa wanda ba ya gani ba zai iya yanke hukunci a kan abin da aka yi domin ido ba. Mu ɗin nan, da muka yi shekara ashirin muna zama gaban bargo ruwan ƙasa muna koyon cewa rabin fim a kunne yake, mu muka sa wa wannan magana hannu da hatimi. Ba mu ma je da ƙafarmu ba, aikawa muka yi. Daga ranar bai sake taka zaure ba, bai kuma taɓa faɗin baƙar magana a kanmu ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Bara muka ba wani fim lambar yabo ta farko. Hotonsa tsaf, haskensa ba a magana, amma a fitowar ƙarshe, inda uba da 'yarsa suke yafe wa juna, ba wanda ya yi ko ajiyar zuciya a zaure, kuma mun kasa gane dalili. Bayan wata biyu sai ga 'yar takarda da rubutun Inna, layi huɗu kacal, saƙo daga Baba. Ya ce ya saurari fim ɗin a gida. Ya ce uban da 'yar ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba: in uban yana magana akwai fanka tana juyawa can nesa, in 'yar tana magana babu, kuma muryarta tana dawowa daga bango kamar ɗakin da ba kaya. An ɗauke su a rana daban, a wuri daban, aka haɗa. Ya ce kunnen mai kallo ya san haka ko da shi mai kallon bai sani ba, shi ya sa zuciya ta ƙi yarda. Muka ciro bargon daga ƙasan kabad, muka rufe allo, muka saurara. Ga fanka nan. Muka kira daraktan, sai ya tambaya wa ya gaya mana.

Duk da haka sai da muka ɓata watanni muna kai da komo a kan yadda za a gyara ba tare da an ce kwamiti ya yi amai ya lashe ba. A ƙarshe aka amince a mayar masa da kujerarsa, a nemi gafararsa, kuma a wannan karon a kai takardar hannu da hannu. Ni aka ba. Kwana goma sha tara tana cikin jakata. Sau biyu na je har bakin layinsu, na hango ƙofar gidan a buɗe, na juya, ina gaya wa kaina gobe zan fi samun bakin magana. A rana ta ashirin aka buga mini waya cewa Baba ya rasu.

Da muka je gaisuwa, na jira mutane suka ragu, na durƙusa gaban Inna na miƙa mata ambulan ɗin. Ba ta karɓa ba. Ta ce ita ta karanta masa takardar farkon, wadda muka sauke shi da ita, tun da ba shi da idon karantawa. Ta ce da ta iso sakin layi na uku sai ta tsallake shi, ta wuce zuwa gaisuwar ƙarshe, don kada ya ji. Ya bari ta gama, sannan ya ce, "Kin yanke wani wuri. Kin ja numfashi inda ba aya. A maido mana baya." Ta ce haka ta koma ta karanta masa, kalma bayan kalma, ya sa ta maimaita, sannan ya ce ta ajiye ta a aljihun tebur, ta kunna masa rediyo.

Sannan ta dube ni ta ce, "Waccan ni na karanta, kuma na san abin da ta ci mini. Wannan kai za ka karanta, ɗana, da bakinka, a zauren, a gaban mutanen da suka sa hannu. Kada ka tsallake komai. Zan zo in ji."

Saboda haka zaure yana sanar da membobinsa da sauran jama'a cewa ranar Asabar mai zuwa, da ƙarfe goma na safe, za a yi zama na musamman domin yi wa marigayi addu'a. Ba za a nuna fim ba. Za a rufe allo da bargonsa, a bar kujerar layi na uku ba kowa. Haka kuma Kwamitin Amintattu ya roƙi Inna, bisa cancantarta ba don lallashi ba, ta karɓi kujerar Baba a Kwamitin Alƙalai, domin a yau ba mu da wanda ya kai ta sanin inda hannu yake da inda haske yake shigowa. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce sai ta ji karatun tukuna. Idan ta ƙi, ba mu da bakin cewa komai, kuma ba mu san da wace fuska za mu sake kiran kanmu alƙalai ba.

Domin kada in sake samun wasu kwanaki goma sha tara, ga takardar nan kamar yadda aka rubuta ta yana raye:

"Baba, mun yi kuskure, kuma mun san mun yi tun ranar da muka yi shi. Abin da muka rubuta a sakin layi na uku ba gaskiya ba ne, kai ka koya mana cewa ba gaskiya ba ne. Mun ji fankar. Kujerarka tana nan ba wanda ya zauna a kai. Ka yafe mana, ka dawo ranar Asabar, kai da Inna. Mun wanke bargon."

An ba ni shawara in gyara jimlar da ta ce ya dawo, tun da yanzu ba ta da wurin zama. Ba zan gyara ba. Haka zan karanta ta, Inna tana saurare.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya musanya masa idon da ya rasa da wanda ya fi shi, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna, da 'ya'ya, da jikoki, da dangi baki ɗaya haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Mu kuma da muka makara, Allah Ya yafe mana, Ya sa iyalinsa su iya yafe mana. Amin.

Sa hannu:
Mai-Sai-Gobe, kamar yadda marigayi ya raɗa mini tun ina sabon shiga,
Sakataren Watsa Labarai kuma Kakakin Zauren Nazarin Fim na Ranar Asabar,
a madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu.