Kada a Fitar da Saratu daga Aji Uku

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai,
Makarantar firamaren unguwarmu, Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

Ranar Litinin ta biyu bayan hutun Kirsimeti, yau shekara ashirin da shida ke nan, aka koro mini 'yata Talatu daga makarantarku da hantsi, jakarta a ka, shatin bulala a ƙafafunta. Ban manta ba, ban kuma yi niyyar mantawa ba. Amma kafin in shiga zancenta, ina gaishe ka, ina gaida iyali da sauran 'yan kwamiti, da fatan an shiga sabon zangon karatu lafiya.

Sunana Ayuba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ba jirgin ƙasa hannu a tashar garin nan. Na yi makaranta a zamanin da ɗan aji bakwai ke rubuta wa dagaci wasiƙa, kuma a da na yarda cewa takarda mai hujja tana gyara al'amari. Yanzu ban cika yarda ba. Duk da haka na sake ɗaukar biro, na kuma rubuta a buɗe, domin ranar Asabar za ku zauna ku yanke shawara a kan jikata Saratu da sauran kurame uku: ko su ci gaba da zama aji ɗaya da sauran yara, ko a ware su a ɗakin ajiya da ke bayan ofis.

Na farko, abin da ya faru da Talatu.

Tana aji biyu sanƙarau ya kama ta. Ubangiji ya bar mana ita, amma ya tafi da kunnenta. Da ta warke muka mai da ita makaranta. Tana iya magana jefi-jefi, tana kallon baki ta gane rabin zance, ta kuma riga ta iya rubuta sunanta. Matsalarta ɗaya ce: ƙararrawa. In an fita tara, takan sunkuya tana zane a ƙasa, a buga ƙarfe yara su watse, ita tana nan. Sai ta ɗago ta ga fili wayam. Sau uku aka yi mata bulala a mako ɗaya saboda latti.

Wannan ƙarfen da ke rataye a bishiyar mangwaro, wanda har yau kuke bugawa, guntun ƙarfen layin dogo ne. Ni na roƙo shi a wurin aiki daga cikin tarkacen da aka zubar, na ɗauro shi a keke na kawo muku kyauta. Da shi aka kafa wa 'yata hujja.

Na rubuta wa kwamiti. Na ce a wurin aikinmu ba ma dogara da usur kaɗai, domin direban jirgi kurma ne muddin inji na ruri. Tuta muke ɗaga masa, ja ya tsaya, kore ya wuce, kuma ban taɓa ganin direban da aka kora don bai ji usur ba. Na roƙa duk wanda zai buga ƙarfe ya ɗaga tuta tare. Na ce tutar ma ni zan kawo.

Ranka ya daɗe, kai ne ka karanta wasiƙar a zaman, kana sabon malami mai riƙe da littafin kwamiti. Ka karanta da kyau, ban ga laifinka a nan ba. Da ka kai wurin tuta aka yi dariya. Hedimasta na lokacin, Allah ya ji ƙansa, ya ce nan makaranta ce ba tasha ba, in Baba Reluwe yana so ya kai yarinyar inda ake koyar da irinsu. Inda ake koyar da irinsu tafiyar yini ce, ga yarinya 'yar shekara bakwai da ba ta gama farfaɗowa ba. Uwarta ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Haka Talatu ta zauna a gida.

Na biyu, abin da na gani da idona a 'yan shekarun nan.

Ba zan ɓoye alheri don ina da tsohon ciwo ba. Talatu ta girma, ta auri wani magini, shi ma kurma, suka haifi Saratu, ita ma ba ta ji. Da lokacin sa ta makaranta ya yi, ni ban ko motsa ba. Na ce na san amsar. Matan zumuntar majami'armu ne, da wata Hajiya mai sayar da citta wadda ɗanta ba ya ji, suka haɗa kai suka yi ta sintiri ofishinku har kuka gaji da ganinsu. An faɗa mini kai ne ka fara ɗaga hannu a karɓi yaran. Na gode. Na daɗe ban faɗa wa wani mai muƙami wannan kalma ba.

Kuka kuma samo Malama Rifkatu, wadda ta iya maganar hannu. Ita ce ta zo har gida ta tambaye ni ko gaskiya ne ina da tuta. Na buɗe akwati na ciro koriyar, asu ya ɗan taɓa gefenta. Yanzu duk safiya nakan zauna a benci gaban shagon mai faci, in ga an buga ƙarfena an ɗaga tutata, in ga Saratu ta kwasa da gudu, wani lokaci ma ta riga masu kunnen shiga aji. Mai faci yakan ce, Baba, jirginka ya shigo tasha. A shekaruna, wannan ya ishe ni abin kallo.

Na uku, ƙorafin da ya jawo zaman Asabar.

Na ji wasu iyaye sun kawo kuka cewa 'ya'yansu suna komawa gida suna magana da hannu, suna tsoron kada bakinsu ya mutu. Wata maƙwabciyata ta ce mini ɗanta ya nemi ƙarin tuwo da yatsu, ko uffan bai ce ba, ita kuwa gabanta ya faɗi. Na ce mata, Maman Bulus, yaron nan yana jin yarenku, yana jin Hausa, yana jin Turanci, yana kuma yin na 'yan kasuwa wanda ku ke hana shi. Wanne a ciki ya kashe wani? Ya ƙara na biyar ne kawai. Bulus kuwa, kowa a layinmu shaida ne, bakinsa bai mutu ba. Da ya ɗan mutu da mun huta.

Kurumta ba mura ba ce. Na zauna gida ɗaya da kurma shekara ashirin da shida, har yau ina jin kukan sauro. Ban raina tsoron iyayen nan ba, kowa nasa yake karewa. Amma ɗakin ajiyar da ake magana na san shi. Tagarsa ɗaya, tana kallon bango. Daga can ba a ganin bishiyar mangwaro, balle tuta. Yaron da idonsa ne kunnensa, in ka sa shi a ɗaki mai duhu ka sallame shi ne, sai dai ba ka ba shi jakarsa ba. Kuma Malama Rifkatu mutum ɗaya ce. Yaran da suka koyi maganar hannu su ne ke taya ta: su ke taɓa Saratu in malami ya juya allo, su ke nuna mata shafin da aka buɗe. In kun raba su, kun kwashe mata malamai arba'in kun bar mata ɗaya.

Ana ta faɗa a rediyo cewa kowane yaro yana da haƙƙin karatu tare da 'yan'uwansa, har doka ta tanada. Na ji irin wannan da yawa a rayuwata. Ni abin da na sani shi ne, doka ba ta zuwa makaranta ranar Asabar. Ku ne za ku zo.

Don haka ina roƙon abu uku. A bar yaran nan huɗu a azuzuwansu. A rubuta maganar tuta a littafin kwamiti ta zama ƙa'ida, domin kada ta tafi ranar da aka yi wa Malama Rifkatu canjin wurin aiki. Sannan a gayyaci iyayen da ke tsoro su zo su tsaya a bakin taga rabin awa su kalli aji uku, kafin kowa ya ɗaga hannu. In bayan sun gani sun ce a raba, to, na yi shiru.

Ba na neman a ba ni haƙuri a kan abin da ya wuce. Wanda ya kamata ya bayar ya riga mu gidan gaskiya, kai kuma furfura ta kama ka kamar yadda ta kama ni. Ubangiji ya ba ka hikima a zaman nan, ya tsare iyalinka, ya sa ka gama da kujerar lafiya, ya albarkaci malamanku da yaran duka, masu ji da marasa ji.

Zan zo ranar Asabar, Talatu ma za ta zo. A ƙarshen zangon da ya wuce Saratu ta zo ta tara a cikin yara arba'in da ɗaya. Ta kawo takardar sakamako gida da gudu ta miƙa wa uwarta. Talatu ta riƙe ta, ta juya ta, ta miƙo mini in karanta. A wurin sa hannun iyaye, yatsa ta dangwala. Sunan da ta iya rubutawa tana aji biyu ya ɓace mata.

Wassalam.

Naka,
Ayuba, tsohon mai ba jirgi hannu,
kakan Saratu ta aji uku.