Tayar gaba ba ta ƙarya

Talata, bayan isha'i.

Yau saura kaɗan in bar ƙafata a Wunti. Acaɓar Baba Ɗanladi na hau, dattijon da kullum nake yi wa tsiya wai jaki ya fi shi sauri. Muna cikin tafiya sai ya taka birki. Kafin in buɗe baki, wata mota ta yanko gabanmu, direban yana danna waya, siginarsa tana nuna hagu shi ya yi dama.

Na ce, "Baba, duba kake yi?"

Ya ce, "Malam, ni tayar gaba nake kallo. Ita ba ta ƙarya."

Littattafai sun cika min ɗaki, babu wanda ya koya min wannan. Na sauka ina ta godiya, sai cewa ya yi in gyara hulata, ta karkace.