Maƙwabtana Sun Ce Korona Ba Ta Taɓa Su Ba

Anti Jummy, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Bara na gama bautar ƙasa. Wata ƙungiyar bincike ta ɗauke ni aikin wucin gadi, muna bin gidaje muna tambayar yadda annobar korona ta shafi abinci da sana'a. A ƙasashe masu tasowa da dama ake binciken, kuma an ce da shi masu ba da tallafi za su duba inda aka fi jigata. Aka ba ni unguwarmu, Bagadaza, wai an san ni, za a fi sakin jiki.

Gida arba'in na shiga. Talatin da huɗu sun ce ba su taɓa kwana da yunwa ba, ba su sayar da komai ba. Anti, a unguwar nan fa na tashi! Akwai maƙwabciyarmu, bari in kira ta Goggo Iklima. Awara take soyawa a ƙofar firamare, mijinta direba ne a hanyar Yola. Aka rufe makarantu, aka rufe iyakokin jihohi, su biyun duk suka zauna. Awakinta uku ta sayar, a idona aka fita da su. Ta katanga Innata ke miƙa mata tsaba don kada a gani. Amma da na karanta mata tambayar, surukarta na zaune a gefe, sai ta gyara mayafi ta ce alhamdulillahi, su Allah ya rufa musu asiri. Na maimaita tambayar, ta ce in gaida Innata.

Na kai wa shugabanmu, Dakta Ernest, kuka. Ya ce abin da aka faɗa shi ake rubutawa, sanin da na yi a matsayin 'yar unguwa ba hujja ba ne. Na san ƙa'idar, har jarrabawa na rubuta a kanta. To amma rahoto zai fita ya ce Bagadaza ba ta sha wuya ba, kuma ni na shigar da amsoshin da hannuna. Wani abokin aikina ya ce in gyara su kawai, wa zai sani? Na kasa. Barinsu haka kuma ya hana ni sukuni. Yaya zan yi?

Mai damuwa, Bagadaza

'Yata, kada ki taɓa amsar kowa. Ranar da kika gyara ɗaya, sauran ma sun zama abin zargi. A nan Dakta yana da gaskiya.

Ke ma abin da kika hango gaskiya ne, sai dai ki sassauta wa Goggonki. Wace matar aure ce za ta ce ta kwana da yunwa a gaban surukarta, ga 'yar maƙwabta da aka haifa a idonta tana rubutawa? Ai ta ce mijinta ya gaza ke nan. Sanin da aka yi miki shi ya rufe bakin mutane.

Ki koma wurin Dakta, amma wannan karon a rubuce. Nuna masa wa ke zaune lokacin tambaya, da ko amsa ta bambanta in mace tana ita kaɗai. Kada ki kama sunan kowa, kada ki sa zancen tsabar nan, sirri ne tsakanin Innarki da maƙwabciyarta. Ki nemi a tura baƙuwa Bagadaza, ke a kai ki wata unguwar, kamar Bolari. Ki kuma kawo shawarar a sauya salon tambayar. Mutanenmu ba sa cewa sun ji yunwa, amma tambayi mace sau nawa ake ɗora tukunya a lokacin, ko me mutanen layinsu suka sayar, ki sha labari.

In ya ƙi, roƙe shi a haɗa bayaninki cikin rahoton, don mai karantawa ya san da wane ido zai duba alƙaluman. Iyakar ikonki ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. Allah ya yi miki jagora, ya sa aikin ya amfani waɗanda aka yi dominsu.

Anti Jummy